Babi Biyar Sun Samu, Shafi Ɗaya Ya Gagara: Yadda Ake Auna Rubutun Ɗaliban Tattalin Arziki

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da wani adadi da ya sa mutane suka riƙe baki. Ta ce rashin aikin yi a Najeriya ya tsaya a kashi 4.1 cikin 100 a watanni ukun farko na shekarar. Adadin da jama'a suka sani kafin nan shi ne kashi 33.3, na ƙarshen 2020. Ba wasu masana'antu aka buɗe a tsakani da suka kwashe miliyoyin matasa ba. Ma'auni aka sauya. A da, duk wanda aikinsa bai kai awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ya yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai don samun kuɗi ko riba ya shiga sahun masu aiki. Mai tura baro da ya sami lodi sau biyu a mako, da matar da ta soya awara ranar Juma'a kaɗai, duk an ƙidaya su.

Bayanin nan bai wuce layi goma ba. Ya kamata a ce kowane ɗalibin aji huɗu a sashen tattalin arziki zai iya rubuta shi a shafi ɗaya, yadda kwamishina ko ɗan jarida ko mahaifinsa zai karanta ya gane, sannan ya ɗora da nasa hukuncin: wane ma'auni ne ya fi dacewa da ƙasar da yawancin mutanenta ke cin abinci da sana'ar kansu? Abin takaicin shi ne ɗalibi kan iya shiga jami'a ya fita da digiri mai daraja ta biyu babba ba tare da an taɓa ɗora masa irin wannan aiki ba. Ana gwada shi a lissafi, ana gwada shi a hadda, ana gwada shi a haƙurin jiran sa hannun malami. Iya bayani a rubuce, wanda shi ne abin da zai ci abinci da shi a ofis, ba a cika aunawa ba. In ma an auna, da ma'aunin da bai dace ba ake yi.

A bi sawun ɗalibin daga tushe. Rubutu mafi tsawo da aka nema a wurinsa a sakandare shi ne insha'in jarrabawar WAEC, kalmomi 450 ko kusa da haka. Jarrabawar JAMB kuwa tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, zaɓi ne tsakanin amsoshi huɗu. Da ya shigo jami'a sai ya tarar da kos ɗin Turanci na bai-ɗaya a shekarar farko, a babban ɗakin lakca da ya haɗa ɗaliban sassa barkatai, inda malami ɗaya ke fama da lasifika. A wurare da yawa jarrabawar wannan kos ita ma ta zaɓi ce, domin babu mai iya duba insha'i dubu. Ke nan kos ɗin da aka ce shi zai koyar da rubutu ana cin sa ba tare da an rubuta sakin layi ko ɗaya ba.

Daga nan sai karatun sashe ya kankama: ƙaramin tsimi da babban tsimi, lissafin masana tattalin arziki, ƙididdiga, kuɗi da banki, kuɗaɗen gwamnati, awon tattalin arziki da alƙaluma. A nan ana rubutu, amma wane iri? Ɗalibi ya haddace handawut, ya shiga ɗakin jarrabawa, ya juye shi a takarda cikin awa biyu ko uku. Takardar ba ta dawowa hannunsa. Maki kawai yake gani a allon sanarwa ko a shafin jami'a na intanet, 52 ko 64, ba wanda ya gaya masa inda hujjarsa ta karye ko inda jimlarsa ta ɓace. Aikin gida da ke cikin maki 30 ko 40 na gwajin zango sau da yawa na rukuni ne. Mutum goma a takarda ɗaya, biyu suka rubuta, takwas suka ba da kuɗin bugawa.

Sai shekarar ƙarshe ta zo, a ce masa ya rubuta furojet mai shafi 60 ko 70.

A nan ya kamata a daɗe, domin kundin nan shi ne madubin abin da sassa ke ɗauka a matsayin rubutu mai kyau. A ce ɗalibi ya zaɓi tasirin kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan bunƙasar tattalin arzikin Najeriya daga 1986 zuwa 2022, maudu'in da irinsa ya cika kantocin ɗakunan karatu na sassa. Babi na ɗaya gabatarwa ce da ta fara daga nesa, daga yadda duniya ta zama gari ɗaya. Babi na biyu jerin gwano ne: wane ya gano kaza a 2015, wance ta gano akasin haka a 2018, wasu mutum uku sun gano babu alaƙa a 2020. Shafi ashirin za su wuce ba a ji inda ɗalibin ya ce wannan bincike ya fi wancan ƙarfi saboda kaza ba, ko ya ce sun saɓa ne don shekarun da suka ɗauka sun bambanta. Babi na uku dabarun bincike ne, kusan kalma da kalma da na abokinsa da ke rubutu a kan bashin waje.

A babi na huɗu ne abin ke fitowa fili. Ya kwaso alƙaluma daga kundin ƙididdigar Babban Bankin Najeriya, ya zuba su a manhajar EViews, ta fito masa da jadawali. Sai ya rubuta cewa adadin ya fito 0.43, alamarsa ta ƙari ce, kuma yana da ƙarfi a matakin kashi 5 cikin 100. Nan ya ajiye biro. To, 0.43 na mene ne? In gwamnati ta ƙara kashe naira biliyan 100, me zai ƙaru, da nawa, cikin shekara nawa? Kuɗin da ya tafi a albashi da wanda aka zuba a titin Kano zuwa Maiduguri hukuncinsu ɗaya ne? Shekaru 37 ɗin da ya haɗe a layi guda ai sun ƙunshi zamanin tsuke bakin aljihu na SAP, da mulkin soja, da yafe bashin dala biliyan 18 da aka yi a 2005, da karyewar farashin mai a 2014, da koma-bayan 2016 da na 2020. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai shigo bayaninsa ba. Manhaja ta yi nata aikin daidai. Aikin ɗan Adam, wato faɗin ma'anar adadin, shi ne aka tsallake.

Babi na biyar kuma shawarwari ne: gwamnati ta samar da kyakkyawan yanayi ga masu zuba jari, ta rage dogaro da man fetur, ta yaƙi cin hanci. Duk gaskiya ne. Amma da adadin ya fito da alamar ragi maimakon ta ƙari, shawarwarin nan ba za su canza ko da harafi ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa babu igiyar da ta ɗaure binciken da kammalawarsa.

Yaya ake ba irin wannan kundi maki? Takardar makin kan bi babi-babi. An kawo manufofin bincike? An kawo hasashen da za a gwada? An yi gwaje-gwajen da aka saba kafin lissafi? An jera manazarta bisa tsarin APA? Tazarar layi daidai take? Bangon ya dace da launin tsangaya? In duk amsar e ce, maki ya hau. Dillalin hatsi a Dawanau ba ya sayen buhu don ɗinkin bakinsa ya yi kyau. Sai ya soka masa ƙarfe a ciki ya zubo ƙwayar a tafin hannu, ya ga ko masara ce ko rabinta dusa. Takardar makin furojet ɗinkin buhu take dubawa.

Ba adalci ba ne a ɗora wa malamai laifin duka. Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin zamantakewa, amma duk wanda ya leƙa ajin farko na sashen tattalin arziki a babbar jami'ar gwamnati ya san inda aka kwana. Lissafin mai sauƙi ne. Malamin da ke da ɗalibai 300, in ya ba kowace takarda minti goma kacal, ya ci awa 50, wato ya wuce aikin mako guda cur, a kan aiki ɗaya na kos ɗaya. Ga lakcoci, ga tarurrukan kwamiti, ga ɗaliban digiri na biyu, ga nasa binciken da ƙarin girma ya rataya a kansa. Yajin aiki ma ya yi tasa ɓarnar. Na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Duk sanda aka dawo sai a matse zango, kuma abin da ake fara yankewa shi ne aikin da ke buƙatar a rubuta, a gyara, a sake rubutawa.

A cikin wannan giɓi ne kasuwa ta buɗe. Shagunan buga takardu da ke bakin ƙofar jami'o'i wasunsu sun daɗe da wuce bugawa, sun koma haɗa babi na ɗaya zuwa na biyar a kan farashi. Shafukan intanet na sayar da tsofaffin kundaye da maudu'insu a jere. Jami'o'i sun mayar da martani da manhajoji irin su Turnitin, masu nuna kashi nawa na rubutu ya yi kama da na wani. Sai ɗalibai suka koyi sauya kalmomi har adadin ya sauko ƙasa da iyakar da aka gindaya, jimla ta lalace amma ta tsallake. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 kuwa, tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu ana iya miƙa babi mai Turanci sumul, babu kuskuren nahawu ko ɗaya, babu kamanni da rubutun kowa, kuma babu tunanin mai shi a ciki. Malamin da ma'auninsa nahawu ne da tsari, wannan babi zai ba maki mafi yawa, ya danne yaron da ya zauna ya yi gumi da Turancinsa mai tuntuɓe.

Akwai masu cewa wannan duk ba aikin sashen tattalin arziki ba ne. A ganinsu fannin ya zama na lissafi, rubutu kuwa a bar wa sashen Turanci. Tarihin fannin kansa bai goyi bayansu ba. Adam Smith, wanda ake kira uban wannan ilimi, ya fara suna ne da lakcocin balaga da adabi a Edinbara daga 1748, shekaru 28 kafin fitowar babban littafinsa na 1776, kuma ya ci gaba da koyar da su a Gilasgo. Alfred Marshall, malamin masanin tattalin arziki Keynes, gwanin lissafi ne, amma a wata wasiƙa da ya rubuta wa Arthur Bowley a 1906 ya zayyana ƙa'idar da yake bi: a yi amfani da lissafi a matsayin gajeriyar hanyar rubutu har a kai ga sakamako, a mayar da sakamakon zuwa magana, a kawo misali daga rayuwa ta zahiri, sannan a ƙone lissafin, in kuwa misalin ya gagara, maganar ma a ƙone ta. Babi na huɗu na furojet ɗinmu akasin wannan yake yi. Yana ajiye lissafin, ya tsallake maganar da misalin.

Akwai kuma shaida ta kusa. Wani masanin tattalin arziki a Niyu Zilan, Jan Feld, tare da wasu ƙwararrun masu gyaran rubutu biyu, sun ɗauki maƙaloli 30 da ɗaliban digiri na uku suka rubuta. Aka gyara harshensu ba tare da an taɓa lissafi ko sakamako ba. Sai aka raba wa masana tattalin arziki, wasu suka sami na asali, wasu suka sami gyararru, ba tare da sun san ana gwaji a kan rubutu ba. Gyararrun suka fi samun maki a matsayin bincike, kuma masanan suka fi nuna za su karɓe su a taron ƙara wa juna sani. Binciken ya fito a mujalla a 2024. Babban Bankin Duniya ma ya taɓa duba kansa a 2014, ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na rahotanninsa na manufofi ba wanda ya taɓa sauke su daga intanet ko sau ɗaya. Wurin da ya tara masu digirin digirgir daga manyan jami'o'in duniya ke nan. Ashe matsalar ba ta yaron da ya taso da Hausa ko Kanuri ko Tibi kaɗai ba ce, kuma ba ta Turanci ba ce.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ginshiƙi. Da zarar an ce rubutun ɗalibai ya lalace, hankalin mutane kan tafi ga nahawu: an sa jam'i a wurin tilo, an rikita lokutan fi'ili. Kurakuran nan suna nan, kuma suna da ban haushi, amma su ne mafi sauƙin gyara. Ma'aunin rubutu da Ƙungiyar Kwalejoji da Jami'o'in Amurka ta fitar a 2009 ya kasa abin gida biyar, nahawu gida ɗaya kawai ya samu. Sauran huɗun sun tafi ga sanin wanda ake rubuta wa da dalilin rubutun, da gina magana, da bin al'adar fanni, da yadda aka yi amfani da hujja. Sashen tattalin arziki zai iya ƙera nasa daga nan, wanda ya dace da aikinsa.

Abu na farko da mai duba takarda zai nema shi ne da'awa. A sakin layi na farko, marubucin ya faɗi abin da yake iƙirari, ko kuwa yana ta kewaye? Ɗalibin da ya buɗe da cewa rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya ɗaga farashin shinkafa fiye da yadda ya ƙara nomanta, ya ɗauki matsayi. Ana iya yarda da shi, ana iya ƙaryata shi da alƙaluma. Wanda ya buɗe da cewa shinkafa abinci ne mai muhimmanci a Afirka bai ce komai ba tukuna. Bayan da'awa sai adadi: kowane adadi ya zo da ma'auninsa, da shekararsa, da inda aka samo shi, da jimla ɗaya da ke faɗin abin da yake nufi ga mutum mai rai. Sai kuma abin da ya fi wuya, wanda shi ke raba mai ilimi da mai hadda, wato marubuci ya nuna inda hujjarsa ta ƙare. Ya ce alƙalumana sun nuna abubuwan nan biyu suna tafiya tare, amma ba su nuna wanne ke jan wanne ba. Ɗalibin da ya rubuta wannan jimla da kansa ya cancanci maki fiye da wanda ya cika shafi uku da jadawali. Nahawu da tsari su zo daga baya, da kasonsu daidai gwargwado.

Ma'auni a takarda ba ya wadatarwa sai masu riƙe da shi sun daidaita hannu. Sashe zai iya gwada kansa da rana ɗaya. A ɗauko tsofaffin kundaye 20, a cire sunaye da makin da aka ba su, a ba malamai uku kowanne ya duba shi kaɗai, sannan a zauna a kwatanta. Inda wani ya ba 70 wani ya ba 48, a nan muhawarar da ta dace za ta tashi, kuma a nan ƙananan malamai za su koyi abin da manya ke gani. Ɗalibai ma a ba su ma'aunin tun ranar farko, tare da misalin aikin da ya ci da wanda ya faɗi. Ba daidai ba ne a hukunta mutum da dokar da ba a karanta masa ba.

Sai batun irin aikin da za a bayar. Tun 1986 W. Lee Hansen na Jami'ar Wiskonsin ya kawo shawarar a daina tambayar kwasa-kwasai nawa ɗalibin tattalin arziki ya ci, a koma tambayar me zai iya yi. Cikin ayyukan da ya lissafa akwai taƙaita maƙala, da bayyana abin da jadawali ke faɗi, da rubuta takarda mai shafi biyu ga shugaban ma'aikata wadda ke ba da shawarar matakin da za a ɗauka. Babu ɗaya a cikinsu da ya kai shafi 60. Najeriya kuwa kullum tana samar da kayan irin wannan aiki kyauta. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100. Adadin Janairun 2025 kuwa ya fito kashi 24.48, bayan an sauya shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024 an kuma sabunta kwandon kayan da ake bibiya. A ce wa ɗan aji biyu ya bayyana a kalmomi 300 dalilin da ya sa adadin ya sauko alhali kuɗin cefane bai sauko ba. Kwamitin manufofin kuɗi na Babban Banki yana fitar da sanarwa bayan kowane zama, kuma a Nuwamban 2024 ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5. A ce wa ɗan aji uku ya rubuta wa ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke neman rance abin da wannan ke nufi gare shi. Shafi ɗaya minti uku ne a hannun malami, kuma ana iya dawo da shi da jan biro a ce a sake. Sakewar nan ita ce karatun. Takarda huɗu gajeru da aka gyara aka sake sun fi doguwa ɗaya da aka miƙa aka manta.

Maudu'in furojet ma yana da hannu a lalacewar rubutu. Mutum ba ya iya rubutu mai rai a kan abin da bai taɓa gani ba. Polly Hill, 'yar ƙanwar Keynes, wadda ta karanta tattalin arziki a Kambirij ta kuma yi aikin jarida kafin ta shiga bincike, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, tana bin gonaki da rumbuna, tana tambayar wa ke sayar da hatsi da kaka, wa ke saye da bazara, wa ke cin bashi. Littafinta na 1972 a kan ƙauyen har yau ana karanta shi. Na 1977 kuwa a kan Ɗorayi ta yi shi, unguwar da ke maƙwabtaka da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ɗalibin da ke kwana a Ɗorayi yau yana iya rubuta kundi a kan tasirin jarin waje a Afirka ta Yamma, alhali bai taɓa tambayar mai shagon da ke ƙofar gidansu yadda yake ba da bashi ba. Ga adashin mata, ga masu POS da abin da suka caza lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ga kasuwar dabbobi ta Maigatari, ga canjin naira da sefa a Illela da Jibiya. Wanda ya tattaro alƙalumansa da ƙafarsa ya san abin da kowane adadi ke nufi, domin ya ga fuskar wanda ya faɗa masa. Irin wannan kundi kuma ba a samun sa a shago, ba a samun sa a manhaja.

Kare kundi da baki shi ne abin da ya rage wanda na'ura ba ta iya yi wa ɗalibi. Bai kamata ya zama bikin minti biyar da ake ɗaukar hoto a bayansa ba. Malami ya ce, “Rufe kundin. Gaya mini abin da ka gano.” In amsar ita ce, “Malam, yana babi na huɗu,” to an san inda aka tsaya. In kuwa yaro ya ce ya gano masu adashi sun fi amincewa da uwar adashi a kan banki saboda kuɗinsu na fitowa ranar da suke so, amma mata 40 kaɗai ya tambaya, duk a unguwa ɗaya, to ya nuna aikin nasa ne, ya kuma nuna ya san iyakarsa.

Akwai ƙarin gwaji ɗaya da ya dace da jami'o'in Arewa. A nemi kowane ɗalibi ya haɗa kundinsa da taƙaitawa ta shafi ɗaya da Hausa, ko da harshen da ya tashi da shi in ba Bahaushe ba ne. Dalilin ba na kishin harshe kawai ba ne. Jimlar da aka haddace daga littafin Turanci ba ta tsallakowa zuwa wani harshe sai an fahimce ta, don haka shafin nan zai tona wanda ya gane da wanda ya kwafa. Ga kuma amfaninsa a aikace: waɗannan ɗalibai su ne gobe za a kira gidan rediyo su yi bayanin kasafin kuɗin jiha, ko cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023, ga masu sauraro da ba su da wani harshe sai Hausa. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo duk suna da sassan harsuna da za su taya duba irin wannan shafi.

Ba a buƙatar jiran Abuja kafin a fara. Sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya tsayar da kashi 70 cikin 100 na kwasa-kwasai, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ta ga ya dace da ita. A cikin wannan kaso sashe zai iya kafa kos na rubutun tattalin arziki a aji biyu, wanda malaman sashen za su koyar da kansu, ɗaliban digiri na biyu su taya duba daftarin farko bayan an horar da su a kan ma'aunin. Sauran gyare-gyaren, wato sauya takardar makin furojet, da mayar da wani ɓangare na gwajin zango zuwa gajerun takardu na mutum ɗaya-ɗaya, da rage iyakar shafukan kundi, hukunci ne da shugaban sashe zai iya gabatarwa a taron malamai, ya wuce da shi majalisar tsangaya kafin zangon karatu mai zuwa.